Waiwaye: Fatai Rolling Dollar, dattijon Oko-Oba da kunne ya zame wa makaranta

A ranar 12 ga watan Yunin 2013 Allah ya yi wa Olayiwola Fatai Olagunju rasuwa a wani asibiti da ke Surulere, cikin birnin Legas, yana da shekara 85 a duniya. Wannan shi ne sunansa na yanka, amma Najeriya ta fi saninsa da Fatai Rolling Dollar, makaɗin jita kuma mawaƙi wanda ya shafe shekara 60 a cikin sana'ar, tun daga zamanin faifan garmaho har zuwa lokacin da ake sauraron waƙa a wayar hannu.

Shekarunsa na ƙarshe a Oko-Oba ya yi su, a yankin Agege. Ma'anar sunan unguwar da Yarabanci ita ce gonar sarki, kuma ba baƙuwar unguwa ba ce ga Bahaushe. Fataucin goro da layin dogon da ya haɗa Ikko da Kano sun daɗe da zaunar da Hausawa a Zangon Agege, sannan babbar mayankar Oko-Oba ta tara dillalan shanu da mahauta da masu dako daga kowane lungu na Arewa. Ba lallai ba ne mai wucewa da sassafe zuwa mayanka ya san cewa siririn dattijon da ke zaune a rukunin gidajen gwamnati na unguwar shi ne malamin wasu daga cikin manyan makaɗan ƙasar nan.

Tarihinsa ya cancanci a waiwaye shi saboda abu biyu. Na farko, yana nuna yadda aka gina kiɗan zamani na Legas da kunne, ta hanyar sauraron fayafayan da suka ƙetaro teku, ciki har da na kiɗan kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar Amurka. Na biyu, yana nuna abin da ke saura a hannun mai fasaha a ranar da wuta ta cinye duk abin da ya mallaka.

Asali da laƙabi

An haife shi a ranar 22 ga watan Yulin 1927. Asalin gidansu daga Ede ne, a jihar Osun ta yau, kuma jinin sarauta ne. Sai dai Legas ce ta raine shi a fagen kiɗa, ita ce kuma ta ɗaga shi, ta kayar da shi, ta sake ɗaga shi.

Laƙabin da ya bi shi har kabari tun yana ɗan makaranta ya samo shi. Yana da wata dalar azurfa da yake yawo da ita, kuma idan za a fara wasan ƙwallo shi ake kira ya mirgina ta domin a san ɓangaren da zai fara. Daga nan abokai suka riƙa kiransa mai mirgina dala, sunan ya zauna.

Kayan kiɗan da ya fara shahara da shi ba jita ba ce. Agidigbo ne, wani akwatin katako mai rami a gaba, wanda ake kafa wa 'yan ƙarafa masu faɗi, makaɗi ya rataya shi ko ya ɗora a cinya yana taɓa ƙarafan da yatsu, yana kuma bugun jikin akwatin. Abin da ya ba agidigbo daraja a wurin Yarabawa shi ne yana magana. Yarabanci, kamar Hausa, harshe ne mai karin sauti, inda hawa da saukar murya ke sauya ma'anar kalma. Saboda haka gwanin agidigbo kan jefa karin magana da ƙarafansa, masu sauraro su gane su yi dariya, kamar yadda mai kalangu kan kira sunan mutum ko ya yi masa habaici ba tare da ya buɗe baki ba. Wannan tarbiyya ta farko, ta jin magana a cikin amo, ita ce ta bi Fatai har zuwa kan tsirkiyar jita.

Makarantar garmaho

Legas ɗin da ya tashi a cikinta tashar jiragen ruwa ce, kuma ta ruwa jita ta shigo. Ma'aikatan jirgi 'yan ƙabilar Kru daga Laberiya sun yaɗa salon kaɗa ta da yatsu biyu, babban yatsa da manuniya, a garuruwan bakin teku tun daga Firitawun har Ikko. Salon ya zauna a rumfunan da ake shan bammi da yamma, har aka riƙa kiransa da sunan abin shan. Daga cikinsa ne kiɗan juju ya tsiro, kuma sunan ba shi da alaƙa da tsafi. Tunde King, wanda ake ɗauka a matsayin uban wannan kiɗa, ya naɗi fayafayansa na farko a 1936.

Ta ruwa kuma fayafayai suka riƙa shigowa. A 1933 kamfanin HMV ya fara fitar da jerin fayafayan kiɗan ƙasar Kyuba masu lambar GV domin kasuwar Afirka. Fayafayan Jimmie Rodgers, wanda ake kira uban kiɗan kantiri, ya kuma rasu a wannan shekarar, sun bazu a nahiyar, kuma a cikin da dama daga waƙoƙinsa akwai wata jita mai amo kamar kuka, wadda sautinta ke zamewa daga wannan mataki zuwa wancan ba tare da tsalle ba. Bayan shi Jim Reeves ya zo, wanda ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1964, amma muryarsa ta ci gaba da tashi a gidajen Najeriya, Kudu da Arewa, shekaru masu yawa bayan mutuwarsa.

Samarin Legas irin su Fatai ba su da makarantar da za su je a koya musu waɗannan salailai, kuma kaɗan ne cikinsu suka iya karanta rubutun kiɗa irin na Turawa. Abin da suke da shi kunne ne, da haƙuri, da garmaho, wanda shi ma sau da yawa na maƙwabci ne ko na mai kanti.

Ga yadda karatun yake. Faifan wancan zamani yana juyawa sau 78 a minti ɗaya, kuma kowace fuska ba ta wuce kamar minti uku. Ɗalibi zai wana garmaho da hannu, ya ɗora allura, ya kasa kunne har zuwa gurbin da yake nema, wataƙila 'yar jimlar kiɗa ce da ba ta wuce daƙiƙa huɗu ba. Sai ya ɗaga allura ya mayar da ita baya, ya sake ji. Kafin ya taɓa jita sai ya iya rera jimlar da bakinsa, domin abin da baki bai riƙe ba yatsa ba zai same shi ba. Bayan haka ya shiga lalube a kan tsirkiya, sauti ɗaya bayan ɗaya.

Wahalar ba ta tsaya nan ba. Idan wanin garmaho ya fara saki, faifan sai ya rage gudu, sautin duka ya yi ƙasa, abin da ɗalibi ya gano ɗazu ya daina dacewa. Dole ya sake wanawa ko ya sake ɗaure tsirkiyoyinsa su bi faifan. Allurar kuma ta ƙarfe ce, tana cin faifai, ta yadda gurbin da aka fi so shi ne ke fara lalacewa, har a wayi gari ba a jin komai a wurin sai shuu. Da zamani ya kawo ƙananan fayafayai masu juyawa sau 45, makaɗa suka gano wata dabara: idan aka juya su a gudun 33, kiɗan yakan yi sanyi a ji kowane sauti daban, ko da yake muryar takan yi ƙasa, sai mai koyo ya mayar da ita mazauninta a cikin kansa.

A nan ne wani abu mai muhimmanci yake faruwa. Kunne ba ya kwafe abu daidai da daidai kamar na'ura. Duk inda faifai ya dushe, ko hannun Baturen ya yi saurin da ba a kama ba, ɗalibi yakan cike gurbin da abin da ya taso da shi, wato karin harshen uwarsa da bugun gangar unguwarsu. Da haka abin da aka fara a matsayin kwaikwayo yake komawa sabon salo mai ɗanɗanon gida. Da a ce a takarda aka ba su kiɗan Kyuba da na Amurka, mai yiwuwa da sun buga shi yadda aka rubuta, Legas kuma ba ta sami nata ba.

Daga agidigbo zuwa jita

A 1953 Fatai ya shiga sana'ar gadan-gadan. Ya haɗu da gwanin jita Julius Araba da mai busa sakso Ishola Willie Payne, suka riƙa wasa a wuraren shaƙatawar manyan gari, ciki har da Island Club. Kiɗansu gauraye ne na salon rumfar bammi da hailaif irin na Gana da karin Yarabanci, kuma sun naɗi fayafayai da dama. Ɗaya daga cikin waƙoƙinsu da suka karɓu sunanta Ranka Dede, wato gaisuwar nan ta Hausa, ranka ya daɗe, yadda kunnen mutanen Ikko ya ɗauke ta daga bakin fatake. Ko wannan kaɗai ya isa shaida cewa ba faifan Turawa kawai waɗannan makaɗa suke saurare ba. Suna sauraron kasuwa da tasha da zango.

Zama kusa da Araba ya ba shi abin da faifai ba ya bayarwa, wato ganin inda yatsu ke sauka. Ya rungumi jita har ta zama ita ce muryarsa ta biyu, kuma ya kaɗa ta kamar yadda ya saba kaɗa agidigbo: babban yatsa na riƙe da bugu a ƙasa, manuniya na zance a sama.

A 1957 ya kafa ƙungiyarsa ta mutum takwas mai suna African Rhythm Band, suka naɗa wa kamfanin Philips na Afirka ta Yamma ƙananan fayafayai masu yawa. Shekarun da suka kewaye samun 'yancin kai a 1960 su ne ganiyarsa ta farko. Ana gayyatarsa bukukuwa, ana sa fayafayansa a rediyo, samari masu sha'awar jita kuma suna tururuwa zuwa inda yake.

Ɗalibin da ya wuce malami

Cikin waɗannan samari akwai wani yaro daga Idogo, a jihar Ogun ta yau, wanda aka haifa a 1942, mai suna Ebenezer Obey. Ya zauna a ƙarƙashin Fatai shekaru da dama yana koyo, kuma koyon irin na gargajiya ne, kamar yadda yaron makaɗi ke bin ubangidansa a ƙasar Hausa: ya ɗauki kaya, ya yi amshi, ya kalli hannu, ya saurara, a gyara masa a gaban jama'a. Orlando Owoh, wanda ya rasu a 2008, shi ma ya ɗauki darasin jita a wurinsa.

A 1964 Obey ya kafa tasa ƙungiyar, International Brothers, ya shiga naɗa wa kamfanin Decca. Bayan 'yan shekaru wani matashi haifaffen Osogbo, Sunny Ade, ya fito da ƙungiyarsa ta Green Spots. Su biyun suka mamaye kiɗan juju. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya raunana hailaif a Legas, domin da yawa daga makaɗansa sun koma Gabas, sannan kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya kawo manyan bukukuwa da liƙi ba ƙaƙƙautawa. Ƙungiyoyi suka kumbura, jita ta lantarki ta zama uku ko huɗu a dandali ɗaya, ga tarin ganguna, ga manyan lasifikoki. Wanda ba shi da jarin sayen waɗannan kaya sai ya koma gefe.

Hausawa na cewa duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Fatai ya ga yaransa sun yi masa nisa, kasuwar salonsa mai sanyi ta ja baya. Domin ya riƙe iyali sai ya koma ba da hayar kayan kiɗa ga masu tasowa, a kusa da gidan Fela Anikulapo-Kuti da ke kan titin Agege, a yankin Moshalashi.

Jita mai feda

A daidai wannan lokaci ne amon nan mai kama da kuka, wanda tsarar Fatai suka fara ji a faifan garmaho, ya sami mazauni a kiɗan Legas. Yana da kyau a san asalinsa.

A tsibirin Hawai aka fara shi, wajen ƙarshen ƙarni na 19, kuma ana danganta ƙirƙirarsa ga wani matashi mai suna Joseph Kekuku. Maimakon a rungumi jita a danne tsirkiya da yatsu, sai a kwantar da ita a cinya, a riƙa zamar da guntun ƙarfe mai santsi a kan tsirkiyoyin. Da yake ƙarfen ba ya tsayawa a matakan da aka gicciya a wuyan jita, sautin yakan bi duk tsakanin da ke akwai, kamar muryar mutum. Wanda ya saba jin goge ko kukuma ya san wannan zamiya, domin su ma ba su da matakai a wuya, yatsa ne da kunne ke yanke hukunci.

Makaɗan kantiri na Amurka suka karɓi wannan jita, suka sa mata lantarki, suka kafa ta a kan ƙafafu kamar tebur, suka ƙara mata feda. Fedar tana haɗe da sanduna a ƙarƙashi, idan aka taka ta sai ta ƙara ɗaure wata tsirkiya ko ta sassauta ta, sautin ya hau ko ya sauka. Daga baya aka ƙara wasu maɗannai da ake turawa da gwiwa. Wadda aka fi amfani da ita a yau tana da tsirkiya goma a wuya ɗaya, wasu kuma wuya biyu gare su. Mai kaɗa ta yana aiki da hannu biyu, ƙafa biyu da gwiwa biyu a lokaci ɗaya.

A ƙarshen 1953, shekarar da Fatai ya fara sana'a a Legas, wani makaɗi mai suna Bud Isaacs ya yi abin da ya sauya tarihin wannan jita a birnin Nashbil. A cikin waƙar Webb Pierce mai suna Slowly, ya taka feda a daidai lokacin da tsirkiyoyi ke cikin ƙara, sai aka ji wasu sautuka sun tsaya cik, wasu kuma suna hawa a hankali su tarar da su. Waƙar ta yi mako 17 tana kan gaba a jerin waƙoƙin kantiri a 1954. Makaɗa a faɗin Amurka suka duƙufa a kan faifan, suna mayar da allura baya, suna neman gane yadda aka yi. Wasu suka huda jitocinsu suka ɗaura wayar rataye riga da tarkacen ƙarfe domin su sami irin wannan amo. Ashe su ma can ɗaliban makarantar garmaho ne.

An ce gani ya kori ji, to amma a wannan fage babu ganin. Faifai ba ya nuna ƙafa, ba ya nuna gwiwa. Sauti ɗaya ana iya samunsa a wuri uku ko huɗu a kan jitar, ta hanyar zamar da ƙarfe, ko taka feda, ko sauya tsirkiya, kuma kowace hanya da irin lanƙwasarta. Sai mai koyo ya saurari abin da ya motsa da abin da ya tsaya, sannan ya yi hasashen abin da gaɓoɓin makaɗin suke yi. Idan haka ta kasance ga wanda ke zaune kusa da Nashbil, to ina ga wanda ke Legas, inda faifai da rediyo ne kawai suka kawo amon?

Duk da haka an yi. A ƙarshen shekarun 1970 Sunny Ade, wanda bai taɓa ɓoye ƙaunarsa ga kiɗan kantiri ba, ya shigar da jita mai feda cikin ƙungiyarsa ta African Beats, Demola Adepoju ne kuma ya yi suna da kaɗa ta. Abin lura shi ne ba a kaɗa ta yadda ake yi a Amurka ba. A can takan yi kuka ne a bayan mawaƙin da ke ba da labarin rabuwa. A Legas an zaunar da ita a tsakiyar gangunan gangan, 'yan'uwan kalangu, tana amsa wa mawaƙi, tana bin hawa da saukar Yarabanci. Hanyar da Fatai ya bi daga agidigbo zuwa jita ita ce aka sake bi daga jita zuwa wannan sabon kaya.

Da kamfanin Island ya fitar da kundin Juju Music a 1982, masu sauraro a Turai da Amurka sun yi mamakin jin kayan kiɗansu yana wani harshe. A 1986 kuma, da Paul Simon ya so amon jita mai feda a waƙarsa Graceland, wadda ke ba da labarin tafiya zuwa jihar Tenesi, mahaifar wannan salo, Adepoju ɗan Najeriya ne ya kaɗa masa. Abin da ya zo a faifai ya koma a faifai, amma da sabuwar kama.

Gobarar 1977

Fatai bai sami rabo a wannan ɗaukaka ba. A ranar 18 ga watan Fabrairun 1977, kwanaki kaɗan bayan rufe bikin al'adun baƙar fata na FESTAC, sojoji kimanin dubu suka far wa gidan Fela da ake kira Jamhuriyar Kalakuta, suka banka masa wuta. An jefo mahaifiyar Fela, Funmilayo Ransome-Kuti, daga bene, ta kuma rasu a shekarar da ta biyo baya. Duniya ta san wannan ɓangare na labarin. Abin da ba a cika ambata ba shi ne maƙwabtan da abin ya rutsa da su. Kayan kiɗan Fatai, waɗanda su ne jarinsa da abincin iyalinsa, sun salwanta a wannan rana. Yana dab da cika shekara 50.

Abin da ya biyo baya shekaru ne fiye da 20 na ƙunci. Ya koma ɗaki guda a Mushin. Mutumin da manyan gari suka yi rawa da kiɗansa ya zama mai gadi a filin wasa da ke Surulere. Ya yi rashin wasu daga cikin 'ya'yansa a cikin wannan hali. A lokacin da ake sa fayafayan ɗalibansa a Landan da Niyok, da yawa a Legas sun ɗauka ya daɗe da mutuwa.

Sai dai akwai abin da wutar ba ta kai gare shi ba. Waƙoƙinsa da na Araba da na sauran tsararsa, da yadda ake ɗaure tsirkiya, da inda babban yatsa ke faɗawa, babu ɗaya da ke rubuce a takarda balle ta ƙone. Da kunne ya ɗauke su, a ka ya ajiye su, kuma suna nan tare da shi a bakin ƙofar da yake gadi.

Da tsohuwar zuma ake magani

Wajen ƙarshen shekarun 1990 wasu masu kishin tsohon kiɗa suka fara neman dattawan da aka manta. Ɗan jarida Benson Idonije na cikin waɗanda suka yi ta rubutu da shirya tarukan hailaif a Legas. Kunle Tejuoso, mai kantin littattafai da fayafayai na Jazzhole da ke Ikoyi, ya shigar da Fatai ɗakin naɗar sauti. A farkon shekarun 2000 sababbin kundayensa suka fito, yana da shekara fiye da 70.

Waƙar da ta dawo da shi bakin jama'a ita ce Won Kere Si Number Wa, wadda ma'anarta ke nuni da cewa yaran yau ba su kai matsayin manya ba. Abin sha'awa, yaran ne suka fi kowa rawa da ita. Waɗanda aka haifa bayan gobarar Kalakuta suka ga tsoho siriri da hula da tabarau yana tsalle a dandali, yana sa jita magana. Tsofaffin waƙoƙin tsararsa su ma suka farfaɗo, irin su Easy Motion Tourist, wadda Sunny Ade ya sake naɗa a kundinsa Odu na 1998.

A 2006 muryarsa ta fito a kundin Lagos No Shaking na Tony Allen, tsohon mai gangar Fela. Ya kuma zama jigo a ƙungiyar dattawan makaɗa ta Faaji Agba, wadda Remi Vaughan-Richards ta bi shekaru tana ɗauka a fim. Fim ɗin ya fito a 2015, bayan da dama daga cikin dattawan da ke cikinsa sun riga mu gidan gaskiya.

Gwamnatin jihar Legas, a zamanin mulkin Bola Ahmed Tinubu na 1999 zuwa 2007, ta ba shi gida a rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi da ke Oko-Oba. A nan ya sami natsuwar da ya rasa tun 1977. Bai ajiye jita ba har ƙarshe. A 2013 ya tafi wasa Amurka, ya dawo ba shi da lafiya, ciwon da ya shafi numfashi ya kwantar da shi, kuma bai tashi ba. An yi masa sutura bisa tsarin Musulunci, aka binne shi a Ikorodu.

Abin da ya bari

Ba a san Fatai Rolling Dollar da kaɗa jita mai feda ba, kuma bai tara dukiyar da ɗalibansa suka tara ba. Gadon da ya bari hanya ce ta koyo: a saurari baƙon abu har a haddace shi, sannan a sa shi ya yi harshen gida. Obey ya ɗauki wannan hanya daga hannunsa, tsarar Sunny Ade ta kai ta inda amon Nashbil ya koma amshin gangan.

A yau matashin da ke Agege ko Sabon Garin Kano yana iya buɗe waya ya ga hannun makaɗi da ƙafarsa, ya rage gudun waƙa ba tare da sautin ya sauka ba. Wannan sauƙi ne babba. Amma wanda ya ga komai yakan kwafe komai, ba ya barin gurbin da zai cike da nasa. Malaman kiɗa har yanzu suna umartar ɗalibai su rufe ido su rera jimla da baki kafin su taɓa tsirkiya, wato dai darasin da garmaho ya tilasta wa su Fatai.

Akwai kuma darasi ga Arewa. Kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kukumar Garba Supa da ta Ahmadu Doka, da gurmi da garaya da molo, duk da kunne aka koye su, a ka aka ajiye su. Irin wannan ilimi wuta ba ta cinsa, amma mutuwa tana ɗauke shi baki ɗaya idan ba a naɗa ba, ba a kuma sami magaji ba. Fatai ya yi sa'a an neme shi yana da sauran ƙarfi, aka kai shi gaban na'ura. Dattawa nawa ne irinsa ke zaune yau a Zangon Agege, ko a Katsina da Maraɗi, da waƙoƙin da babu mai su sai su, ba wanda ya je ya tambaya? Tsofaffin fayafayai da kasa-kasan da ke ajiye a gidajen rediyo irin na Kaduna su ma suna bukatar a juye su zuwa na'urorin zamani tun kafin su lalace, domin su ne garmahon ɗaliban gobe.

Allah ya jiƙan Fatai Olagunju, ya gafarta masa kurakuransa.